Kalilu, Kukun Jirgin Jami'a

A Daura, in ka bi titin da ya nufi Zango, ka ɗan wuce inda masu babura ke tsayawa, za ka ga wata rumfar kwano da ake sayar da farfesun kifi. Sunan mai rumfar Kalilu, amma ba wanda zai gane wanda kake nema sai ka ce Kalilu Na-Teku. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, kuma in yana tsaye yakan ware ƙafafu kamar mai tsoron kada ƙasa ta goce masa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji shi, wani kuma daga bakin matarsa Laraba, wadda takan gyara masa labari in ya fara ƙara gishiri.

An haifi Kalilu a wani ƙauye kusa da Baure, a gidan manoma gero da wake masu shanun huɗa da 'yan tumaki. Ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini, wanda ke cika da damina ya ƙafe tun ba a gama ɗaure dawa ba. Ko iyo bai iya ba. Yayansa Nu'uman ya bi hanyar karatu har ya zama malamin da ake zuwa wurinsa da tambaya. Shi kuwa Kalilu ya karanta abin da ya sawwaƙa, amma zama wuri ɗaya bai karɓe shi ba. Da ya tasa sai ya shiga bin motocin shanu daga kasuwar Mai'aduwa zuwa Kudu, cikin samarin nan da ke zama a saman tirela, in saniya ta faɗi su sauka su tashe ta kada 'yan uwanta su tattake ta.

A irin wannan tafiya ce suka sauke shanu a wani gari na bakin teku, garin ya kwanta masa, bai biyo motar ta dawo da shi ba. Ya sayi tebur da benci da babbar butar shayi, ya kafa a bakin ƙofar wata kwata ta bakin kogi inda jiragen ruwa ke tsayawa. Da rani yana can, da damina ya dawo gida ya yi noma. A haka ya auri Laraba, ya bar ta a gida wurin mahaifiyarsa.

Cikin jiragen da ke kwatar akwai wani fari mai ratsin shuɗi, tsawonsa bai wuce na tirela biyu ba, da wani hannun ƙarfe a bayansa. Na jami'ar garin ne. Kalilu bai taɓa tambayar aikinsa ba. Shi dai yana ganin sun fita sun yi kwanaki, sun dawo da kwalabe da bokitan taɓo da 'yan kifaye kaɗan, sai ya yanke a ransa cewa masunta ne marasa sa'a.

Matuƙin jirgin, Kyaftin Bassey, gajere ne mai ƙiba da sanƙo. Yana saurayi ya yi aikin jirgi a tafkin Kainji, can ya koyo Hausa irin ta mutanen Yawuri. Kullum da safe a teburin Kalilu yake karyawa, shayi ba sukari, biredi da ƙwai, suna hira kan farashin albasa da ciwon baya. Malam yake kiran Kalilu, shi kuma yana ce masa Kyaftin.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihohin Arewa, rigima ta ɓarke a wani babban gari, aka kashe mutane da yawa, labari ya isa Kudu, can ma aka fara ramuwa kan 'yan Arewa. Ran nan da hantsi Kalilu ya lura titi ya yi tsit, masu shaguna na ta rufewa, hayaƙi na tashi ta wajen zango inda Hausawa ke kwana. Yana tsaye da ludayi a hannu bai san inda zai nufa ba, sai ga Kyaftin ya fito daga ƙofar kwata da sauri, ba ko hula a kansa.

"Malam, bar teburin nan, biyo ni."

"Kyaftin, kayana fa?"

"Kaya ba sa mutuwa. Taho!"

Butar shayin kawai ya iya ɗauka, da dardumarsa. Kyaftin ya riƙe masa hannu kamar yaro, ya wuce da shi gaban masu gadi, ya haye da shi kan wani katako mai lilo zuwa cikin farin jirgin nan. Dama ranar za su fita aiki, ɗalibai da malamarsu duk suna ciki. Mutum ɗaya ne bai zo ba, kukun jirgin, don an tare hanyar unguwarsu. Kyaftin bai jira shi ba, ya sa aka kwance igiya.

Muddin suna cikin kogi lafiya lau, Kalilu na zaune a kan wani akwati yana waiwayen hayaƙin gari yana addu'a ga waɗanda ya baro. Da suka kai inda kogi ya haɗu da teku, jirgin ya ɗaga kai sama ya sauke, ya sake ɗagawa, sai jiri ya ɗebe shi. Ya ce mini bai taɓa jin ciwo irin wannan ba. Ya yi amai har ba abin da ya rage, ya kwanta rub da ciki yana kalimar shahada, yana cewa a ransa ya tsere wa adda ya zo ruwa zai cinye shi.

Shugabar masu binciken, Dakta Ekaette, wata mace mai farin tabarau wadda ba ta jin Hausa, ita ta zo ta tashe shi zaune. Ta ba shi busasshen biskit, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ta yi masa alama da yatsa kada ya ɗauke ido daga nan. A hankali ya ji sauƙi.

Washegari ƙaurin shinkafa ya tashe shi. Ya lallaɓa yana dafa bango har ya kai wani ɗan ɗaki, ya tarar da ɗalibai biyu suna kokawa da tukunya, ƙasan shinkafar ya ƙone, samanta kuwa tsaba ce. Ya ce su ba shi wuri. Ya fara dafa shayi a butarsa da citta da kanumfari da ke aljihunsa, aka zagaya da shi ga duk mai jin jiri. Sannan ya wanke tukunya ya ɗora dafa-duka da manja da busasshen kifi. Da Kyaftin ya ci, sai ya miƙo kwano a ƙara masa.

Da suka dawo gari ya lafa, sojoji na kan titi. Teburinsa ya zama toka. Yawancin mutanen zango sun tsira a barikin soja, amma akwai waɗanda ya sani da ba a sake ganinsu ba. Kyaftin ya ce masa tsohon kukun ya daɗe yana neman a mayar da shi kicin ɗin cikin makaranta, ya gaji da ruwa. In Kalilu na so, za a ɗauke shi.

"Sai na je gida na yi shawara," in ji Kalilu.

Ya tarar da gida cike da 'yan jaje, don wani direba ya kawo labarin an ga teburinsa yana ci da wuta. Mahaifiyarsa ta shafa fuskarsa da hannu biyu tana kuka. Laraba kuwa ta haihu a bayansa, mace, an sa mata Siddiƙa. Da hankali ya kwanta ya sami Malam Nu'uman a zaure, ya kwashe komai ya gaya masa, sannan ya kawo abin da ke damunsa.

"Yaya, ruwan nan gishiri ne zalla, har yaji yake yi a ido. Alwala ta halatta da shi? Kuma akwai wasu halittu da suke fitarwa, wani mai ƙafafu takwas, wani kamar kunama, wani kamar fara. In an ce in dafa, in dafa?"

Malam Nu'uman ya yi murmushi. Ya ce wannan tambaya tun zamanin Manzon Allah masu tafiya a jirgi suka yi ta, aka ba su amsa cewa ruwan teku mai tsarki ne, abin da ke cikinsa kuma halal ne ko ba a yanka ba. "Na daɗe ina karantar da babin nan," ya ce, "ban taɓa zaton a gidanmu za a sami mai buƙatarsa ba."

Mahaifiyarsa ba ta so ba. Laraba ce ta tsaya masa. Ta ce, "Inna, mutumin da ya fito nemansa a ranar da kowa ke ta kansa, ai ba zai cuce shi ba. Ki sa masa albarka ya tafi." Tsohuwa ta yi kwanaki tana juya maganar, daga baya ta yarda, da sharaɗin kowace damina ya zo ta gan shi.

Haka Kalilu ya zama kukun jirgin jami'a, aka ba shi farar riga da rigar hana nutsewa. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, in ya tsaya a tsakiya yana taɓa bango biyu da hannuwansa. Murhun gas ne, an kewaye shi da ƙarfe don kada tukunya ta zame. Ya koyi kada ya cika tukunya ta wuce rabi, ya koyi yanka albasa yana tokare da gwiwa a jikin kabad, ya koyi ajiye wuƙa a maƙalinta ko da zai juya ne kawai. Matar Kyaftin ta koya masa miyar ganyensu da yadda ake tuƙa teba ta yi laushi. Shi kuma ya shigo da nasa: tuwon shinkafa da miyar kuka da ɗanyen kifi. Farkon ranar ɗalibai suka tsaya suna kallon koriyar miyar nan da shakka. Kafin shekara ta zagayo, in za a fita sai wani ya leƙo ya tambaya ko an taho da kuka da daddawa. Nama a wurin mahautan zango yake sayowa, kuma tun farko ya roƙi Kyaftin kada giya ta shigo masa kicin, aka bar shi a kan haka.

Sannu a hankali ya gane ba masunta ba ne. Sukan tsaya a wuri, su zura kwalabe da igiya zuwa zurfi daban-daban su ɗebo ruwa, su auna gishirinsa da ɗuminsa. Hannun ƙarfen nan na baya yakan sauke wani abu mai baki kamar na kada ya cizo taɓo daga ƙasan teku. Sukan ja raga na ɗan lokaci, su zube abin da ta kamo a kan tebur, su ware kowane iri, su auna tsawo, su buɗe ciki su ga abin da kifin ya ci. Kyaftin ya fassara masa cewa so suke su san ko kifi na raguwa, da inda yake ƙwai, da ko man fetur da dattin gari na lalata ruwan. Da ya ga an ciro leda daga cikin wani kifi, daga ranar bai ƙara jefa ko ɓawon albasa a ruwa ba sai ya tambaya. In ba ya kan girki yakan fito ya kama musu igiya, kuma abin da suka gama aunawa ba sa buƙata, nasa ne, ya shiga tukunya.

Wata rana Dakta Ekaette ta kira shi ɗakin aikinsu, ta ɗiga ɗigon ruwan teku ɗaya a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta ce ya leƙa. Ya leƙa ya ga gari guda: wasu masu gashi suna juyawa, wasu kamar sarƙa, wasu kamar tauraro, kowa na harkar gabansa. Ya ja da baya ya dubi Kyaftin.

"Kyaftin, tambaye ta, ashe da waɗannan nake kurkure baki kullum?"

Da aka fassara mata ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce a gaya masa waɗannan su ne abincin ƙananan kifaye, ƙanana kuma abincin manya, in babu su shi ma ba abin da zai dafa. Kalilu ya sake leƙawa ya daɗe, yana ta faɗin subhanallahi.

Salla ce ta fara ba shi wahala, don yakan tayar da kabbara yana fuskantar gabas, kafin ya kai ruku'u jirgi ya juya. Kyaftin ya lura. Daga nan in ya ga ya ɗauko darduma sai ya leƙo ta taga ya nuna da hannu, "Malam, gabas ɗinka tana nan," kuma in aiki bai hana ba ya riƙe jirgin a miƙe har ya sallame. Da azumi kuwa, Kalilu ya ce bai taɓa shan ruwa da tabbaci irin na teku ba, don da idonka za ka ga rana ta nutse, ba gini ba bishiya. Duk da haka Kyaftin sai ya danna ƙahon jirgi, ɗalibai su yi tafi, a zauna a sha kunun gyaɗa tare da shi, har waɗanda tun rana suka ci suka ƙoshi.

Abin da ya fi so ya ba da labari shi ne ranar babban kifi. Da damina ne, da rana tsaka, ruwa ya kwanta. Yana feraye doya sai ya ji ana ihu a waje, an kashe inji. Ya fito da wuƙa a hannu. Can gefe ya ga ruwa ya tsage, wani baƙin baya ya taso kamar tudu, ya fesa ruwa sama da ƙara kamar numfashin bijimi, ga ɗansa a gefensa. Suka yi ta tafiya a hankali kusa da jirgi, daga baya uwar ta ɗaga wutsiya, faɗinta ya fi ƙofar gareji, ta nutse. Dakta Ekaette na ɗaukar hoto hawaye na zubo mata. Kalilu kuwa ya zauna a ƙasa. Ya ce tun yana yaro yake jin ƙissar Annabi Yunusa, ya yi imani da ita, amma a ransa yakan rasa yadda kifi zai haɗiye mutum. A ranar ya ga ko shi da tukwanensa duka za su shige ba tare da an tauna ba.

Da ya kai labarin ƙauye, abokinsa Kabo, mai yawan tsokana, ya ce, "Kalilu, mun yarda ka ga ruwa. Amma kifin da ya fi tirela, a wace tukunya ake dafa shi?" Aka yi ta dariya a dandali. Damina ta gaba ya zo da hoton da Dakta ta wanke masa. Kabo ya juya shi sama da ƙasa ya ce shi dutse yake gani. A nan sunan Na-Teku ya samo asali, da tsokana aka fara, ya bi shi.

Ba kullum ake jin daɗi ba. Akwai ranar da hadari ya rutsa su nesa da gaɓa, igiyar ruwa ta bugi jirgin ta gefe, tukunyar wake ta tsallake ƙarfenta ta zube masa a hannu. Tabon na nan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Amma wanda ya fi masa ciwo ba a jiki yake ba. Suna can cikin ruwa, inda waya ba ta kamawa, mahaifiyarsa ta rasu. Sai da suka shigo kogi wayarsa ta fara ƙara, ya ji muryar Malam Nu'uman. An riga an yi sadakar uku.

Ya shiga kicin ya haɗa kayansa duka, har butar shayi, ya ce wa Kyaftin shi ya gama. Kyaftin bai yi masa musu ba. Da Kalilu ya isa tasha da safe sai ya tarar da shi zaune a benci da 'yar jaka.

"Ina za ka, Kyaftin?"

"Gaisuwa. Ko a garinku ba a zuwa?"

Suka yi doguwar tafiyar nan tare har Daura, daga nan suka shiga motar Baure, daga Baure kuma sai babur, don hanyar ƙauyen yashi ce. Mutumin da Kalilu ya gani yana shan shayi a tsaye igiyar ruwa na wanke tagar jirgi, shi ne ya ƙanƙame ɗan acaɓa yana ihu, "A hankali! Za mu kife!" duk lokacin da taya ta shiga yashi. Kalilu ya ce wannan ce dariyar farko da ya yi tun da ya ji rasuwar.

Kyaftin ya zauna a tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, ya cire takalmi, in an ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Mutanen gari suka yi ta zuwa ganin wanda ya ceci Kalilu, wannan ya kawo fura, wannan ƙwan zabi, har ya rasa inda zai sa. Malam Nu'uman ya riƙe hannunsa ya daɗe yana yi masa godiya. Ya kuma gaya wa ƙanensa cewa tsohuwa ba ta tafi da fushinsa ba, kullum in an yi baƙi sai ta sa a ɗauko hoton kifin nan a nuna musu. Ran da Kyaftin zai koma bai ce wa Kalilu ya biyo shi ba. Bayan sadakar arba'in Kalilu da kansa ya ɗaure kaya ya koma bakin aiki.

Laraba sau ɗaya ta je. Lokacin Siddiƙa ta shiga sakandare, aka yi hutu, ya aiko su zo su ga inda yake. Ya kai su bakin teku da yamma. Siddiƙa ta ruga tana wasa da kumfa, Laraba kuwa ta tsaya nesa riƙe da mayafi, ta daɗe tana kallo, sannan ta matso ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana ta tofar.

"Duk wannan ruwa, Malam, ba mai shayar da ko akuya?"

"Ko ɗaya."

"Allah mai iko. Mu ga shi muna tafiya mai nisa neman na sha."

Jirgin kuwa ta yarda ta shiga ne don yana ɗaure. Ba ta kula da injuna da madubai ba, kicin ta nufa. Ta duba ta ce akurkin kajinta ya fi shi faɗi. Ta ɗaga tukunya ɗaya ta juya gindinta, ta ce wannan ba wanki ba ne, ta nemi soso da toka. Da aka ce ba toka a jirgi, ta girgiza kai, ta zauna ta goge su duka da abin da ya samu. Ita ta ba ni wannan labarin, shi bai taɓa faɗa ba.

Ya yi shekaru goma sha biyar a jirgin nan. Ɗaliban da ya ciyar suna amai a fitarsu ta farko, wasu sun dawo a matsayin malamai da nasu ɗaliban, suna nuna shi suna cewa ga Baba Kalilu, in jiri ya kama ku ku je wurinsa. Daga baya jirgin ya tsufa, zamansa a wurin gyara ya fi fitarsa yawa. Kyaftin ya yi ritaya ya koma ƙauyensu yana kiwon kaji. Kalilu ma gwiwoyinsa suka fara ciwo saboda tsayuwa da sanyin ruwa. Ya nemi sallama, aka yi masa walima a kan jirgin, kuma a ranar ɗalibai ne suka yi girki, suka zaunar da shi a kujera. Ya ce gishiri ya yi yawa, amma ya cinye.

Bai koma ƙauye da zama ba, ya sayi ɗan gida a Daura saboda karatun yara, gonar gado kuwa har yanzu yana nomawa, da damina kusan kullum yana kan hanyar Baure. Rumfar farfesun ya buɗe ta ne don ya ce hannunsa ba zai iya zama ba tukunya ba. Kifin daga dam ake kawo masa da sassafe, tarwaɗa da karfasa, yakan ɗaga kowanne ya duba ido da ƙoshinsa kafin ya karɓa. Yana sa wani ganye mai ƙamshi da ya koyo a Kudu, wanda ya shuka a tsohon bokiti a bayan gida. Ma'aikata da direbobi da malaman makaranta nan suke cin abincin rana. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira Kyaftin a waya, su yi ta ihu don dukansu kunne ya fara nauyi, kowa na ba ɗan uwansa labarin ciwon gwiwa.

Watan jiya Siddiƙa, wadda yanzu ungozoma ce a asibiti, ta haifi ɗa namiji, aka yi suna a gidan mijinta a Sandamu. Tare muka je. Bayan an yi addu'a an raɗa wa yaro suna Abdulmuhaimin, an yanka rago, sai na ga Kalilu ya naɗe hannun riga ya zaro wuƙarsa daga aljihu ya nufi cikin gida. Ba a jima ba muka ji hayaniyar mata. Ya fito Laraba na biye da shi har bakin zaure.

"Malam, yau kai kaka ne, ba kuku ba. Gidan surukai ne nan, kada ka ba mu kunya. Je ka zauna."

"Kayan cikin kawai zan gyara musu, Laraba, na ga yadda suke yankawa..."

"Je ka zauna."

Ya dawo ƙarƙashin darbejiya inda maza ke zaune, ya mayar da wuƙar kube, Malam Nu'uman ya matsa masa a tabarma. Aka fito da jaririn a naɗe cikin zane aka ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallon fuskarsa yana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Da aka kawo waina da miyar taushe ya karɓa da hannu biyu, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai, ya ce in matso mu ci tun da zafinta.